Likitocin mata da haihuwa: wa ya koya muku yadda ake duba mata-maza da masu neman jinsinsu?

Dakta Rabi, Idi-Araba

Assalamu alaikum. Tambayata ga 'yan uwana likitoci da ungozomomi ce da farko, amma ina so in ji ta bakin malamai da lauyoyi su ma. A shekarun da kuka yi kuna koyon ƙwarewa a fannin mata da haihuwa, an taɓa zaunar da ku an koya muku yadda za ku yi da mara lafiyar da aka haifa mata-maza, ko wadda ta gaya muku da 'yar uwarta mace take mu'amala?

Ba karatun jarrabawa nake nufi ba, wannan muna da shi. Duk wanda zai zauna jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin, ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, ya haddace dalilan da ke hana budurwa fara jinin al'ada. Mun san yarinyar da aka haifa da ƙwayayenta lafiya amma babu mahaifa, ƙofar kuma gajera ce ko a toshe, abin da ake samu a mace ɗaya cikin kusan 4,500. Mun san wadda kiromosom ɗinta (ƙwayoyin halittar gado) XY ne, irin na namiji, amma jikinta ba ya amsa sinadarin namiji, ta tashi mace sosai da ƙirjinta da muryarta, sai dai 'ya'yan maraina ne a ɓoye a matsematsinta ko cikin cikinta. Mun san sunayen da taron likitoci na Cikago na 2005 ya raɗa wa waɗannan halittu. Amma ban taɓa ganin an ware ko awa ɗaya an ce yau za mu koyi yadda ake gaya wa amarya 'yar shekara sha bakwai ba za ta taɓa ɗaukar ciki ba, alhali uwar mijinta na zaune a bakin ƙofa.

Abin ya fi damuna saboda inda nake. Bahaushiya in ta shigo daga Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago ba ta jin Turanci ba ta jin Yarabanci, ni ake kira. In ba na nan, wa ke yin tafinta? Ƙanin miji, ko maigadi, ko wani ɗan unguwarsu da ke jinyar nasa a ɗakin gaba. Kafin ta hau danfo ta isa gida labari ya riga ta. Na ga yarinyar da aka kawo bayan aure ya ƙi yiwuwa (na sauya wasu bayananta), an ce ba ta da hanya. Kafin a kawo ta an kai ta gida arewa, wanzami ya yi mata yankan gishiri, wuƙa ta shiga mafitsara. Ta zo mana da yoyon fitsari a kan larurar da aka haife ta da ita. Da ta fara zuwa hannun wanda ya san abin, da wataƙila ko tiyata ba za a yi ba, don faɗaɗawa a hankali da robobin da aka yi domin haka, tana yi da kanta a ɗakinta, ita ce hanya ta farko kuma tana yi wa mafi yawansu aiki. Ranar zagayen marasa lafiya ɗalibai suka kewaye gadonta, kowa na son ya gani. Ta rufe fuska da mayafi har aka gama. Ba ta dawo ranar da aka ba ta ba.

Ɗaya ɓangaren kuma ko a littafin babu shi. Fom ɗinmu cewa yake: matar aure, budurwa, bazawara. In mace ta ce ba ta taɓa sanin namiji ba, sai a rufe babin, ba gwajin bakin mahaifa ba komai. Alhali ƙwayar HPV da ke kawo sankarar bakin mahaifa ta haɗuwar fata da fata take bi, tana wucewa tsakanin mace da mace. A 2020 an ƙiyasta mata kusan 12,000 sun kamu da wannan sankara a Najeriya, kusan 8,000 sun rasu. Rigakafin da aka fara a Oktoban 2023, har da nan Legas, na 'yan shekara 9 zuwa 14 ne. Mai shekara talatin da biyar gwaji ne kawai zai cece ta, ba kuwa za ta samu ba in tana tsoron abin da zai biyo bayan amsa tambayata da gaskiya.

Ni Musulma ce, na san matsayin addinina a kan maɗigo, ba shi na zo tambaya ba. Ina tambaya ne kan aikin da na yi rantsuwa a kansa. Ina so in kai wa shugaban sashenmu shawarar a saka wannan cikin karatunmu na mako-mako. Me ya kamata ya shiga ciki?

Hajiya Matiron, Agege

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ni na yi ritaya, amma ɗakin haihuwa shi ne rayuwata, don haka bari in fara miki daga can.

Abu na farko da za ki koya wa yaranki shi ne riƙe baki a minti biyar na farko. Jariri ya faɗo, uwa ta ɗago kai ta ce me na samu? In gaban jaririn bai fito sarai ba, kada kowa ya yi saurin cewa namiji ko mace, kada a yi salati da ƙarfi, kada a kira abokan aiki su zo kallo. A ce mata kin sami lafiyayyen jariri, akwai abin da likita zai duba a gabansa kafin mu faɗa miki. A ɗora mata shi a ƙirji ya kama nono. Kalmar da ta fita daga bakin ungozoma a wannan lokacin, uwa tana tuna ta har tsufanta.

Na biyu, kuma shi ne mai kisa. Da yawa daga cikin jariran nan mata ne da mahaifarsu da komai, ƙullin da ke saman ƙodarsu ne yake fitar da sinadarin maza fiye da kima. Irin wannan jaririyar tana iya zubar da gishirin jikinta ta fitsari. Kwanakin farko lafiya lau take. A mako na biyu ko na uku sai amai, ƙin shan nono, jiki ya saki. Lissafa ki gani: daidai lokacin da gida ya cika da 'yan suna, an yanka rago, kowa na cewa ai maiƙo ne ko iska, a ba shi rubutu. Na san gidan da aka raɗa wa jaririya sunan namiji ranar bakwai, aka binne ta kafin arba'in. Maganin kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne, haidirokotizon da ɗan uwansa mai riƙe gishiri. Kada a sallami irin wannan jariri ba a auna gishirin jininsa ba, ba a haɗa shi da likitan yara ba, ba a kuma gaya wa uwa da kaka alamomin da za su gani su rugo ba.

Maganar suna kuma, iyaye suna cikin matsi, ga 'yan uwa na bugo waya daga Kano da Sakkwato, ga fom ɗin rajistar haihuwa na Hukumar Ƙidaya gurbi biyu ne kacal, namiji ko mace. Gwajin kiromosom yana da tsada a nan, sakamakon ma ba ya fitowa kafin kwana bakwai. Abin da nake gaya musu shi ne su ce wa mutane jariri na hannun likitoci, an ɗage taro. Ba ƙarya suka yi ba. Uban da ya gane ana rufa masa asiri yakan ba da haɗin kai fiye da yadda ake zato.

Alhaji Sani Mai Tumatir

Dakta, da girmamawa, mata-maza halittar Allah ce, babu mai ja. Amma me ya sa kika haɗa su da 'yan maɗigo a jaka ɗaya? Haka ake shigo mana da abu, a fara da asibiti a ƙare a makarantun 'ya'yanmu. Turawa suna da kuɗin da suke bayarwa a kan wannan, kowa ya sani. Ina da 'ya'ya mata, biyu suna son karatun likita. Ba na son a wayi gari ana koya musu cewa abin da Allah ya haramta ba komai ba ne. Mai yi ta tuba, shi ne maganinta. In likita ya karɓe ta hannu bibbiyu, ba ƙarfafa mata gwiwa ya yi ba?

Malam Habibu, Zangon Agege

Alhaji, ka yi gaskiya a rabin maganarka, abubuwa biyu ne daban kuma a karatun ma ya kamata a raba su.

Mata-maza ba baƙon babi ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun yi magana kan khunsa tun ƙarnonin farko: inda zai tsaya a sahun sallah, wanda zai yi masa wanka in ya rasu, da rabon gadonsa. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda al'amarinsa ya rikice ana ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Duk wanda ya sauke Mukhtasar a zaure ya san da wannan mas'alar littafin ya ƙare. Alamomin da magabata suka dogara da su, mafitar fitsari, gemu, nono, haila, su ne ilimin likitancin zamaninsu, wasu ma sai an balaga suke bayyana. Ke nan su kansu sun yarda a jira. Ban ga inda suka ce a yi gaggawar yanka jariri don a huta da surutun mutane ba, ban kuma ga inda suka kira shi abin kunya ba. Dakta, in kin shirya zaman nan ki gayyaci malami, don iyaye sukan saurari likita amma hankalinsu ba ya kwanciya sai sun ji daga gare mu.

Ɗaya maganar kuwa, hukuncinta sananne ne, ban sassauta ba. Amma likita ba alƙali ba ne, ba kuma ɗan hisba ba. Wanda ya sha giya hantarsa ta kumbura ana duba shi. Wadda ta yi cikin shege ana karɓar haihuwarta. Ba wanda ya ce likitan ya halatta giya ko zina. Shari'a ta hana bin diddigin asirin mutane, ta yi umarni da suturta Musulmi, abin da mara lafiya ta faɗa a ɗakin duba kuwa amana ce. Tuban da kake so ta yi, Alhaji, mai rai ne ke yin sa. In sankara ta cinye ta saboda ta ji tsoron asibiti, me muka samu? In ta nemi nasiha, ga mu nan. In magani ta zo nema, a ba ta cikakke, fuska a sake.

Barista Hauwa, Obalende

Dakta, ki saka awa guda ta doka a jadawalin, don na lura likitoci da yawa suna jin tsoron abin da dokar ba ta ce ba.

Dokar hana auren jinsi da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu ƙulla irin wannan aure, shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko shiga cikinsu, ko nuna soyayyar a bainar jama'a, ko taimaka wa ɗaurin auren. Babu sashen da ya hana duba mara lafiya, babu kuma wanda ya ɗora wa likita kai rahoton abin da ya ji a ɗakin duba. A ɗaya gefen, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 26, ta ce duk bayanin mara lafiya sirri ne. Ana buɗe shi ne da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu ko wata doka, ko in ɓoyewar babbar barazana ce ga lafiyar jama'a, sai kuma tanadin da aka yi wa yara da waɗanda ba sa iya ba da izini. Miji ba ya cikin jerin don kawai shi miji ne, balle uwar miji. Sashe na 23 kuma ya ce a yi wa mara lafiya bayani da harshen da yake fahimta, wannan kuwa hujja ce a hannunki ta neman tafinta na asibiti maimakon ƙanin miji. Dokar kare bayanai ta 2023 ma ta saka lafiyar mutum da rayuwarsa ta jima'i cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman.

Amma ki tuna fayil na takarda hannu nawa yake bi kafin ya koma kanta. Ku rubuta abin da magani ke buƙata, kamar tana buƙatar gwajin bakin mahaifa, ba sai an rubuta da wa take kwana ba. Wadda za ta koma jihar da ake aiki da dokokin hukunci na shari'a, takardar turawa da aka rubuta ba tunani tana iya jefa ta cikin bala'i.

Dakta Bashir, daga Amurka

Rabi ƙanwata, a Zariya na yi digiri, a nan na yi ƙwarewar shekara huɗu. Kada ki ɗauka a nan an daɗe da gyarawa. Wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2011 ya gano cewa a makarantun likitanci na Amurka da Kanada, matsakaicin lokacin da ake ba karatun lafiyar masu neman jinsinsu da masu sauya jinsi gaba ɗaya awa biyar ne. Ƙungiyar likitocin mata ta nan, ACOG, ta fitar da matsaya kan kula da mata masu neman mata a 2012, sannan kan masu sauya jinsi a 2021. Rantsuwar Geneva da ake karanta wa sababbin likitoci ma ta ambaci jinsin da mutum ke nema a jerin abubuwan da ba za su shiga tsakanin likita da mara lafiya ba, tare da addini da ƙabila da siyasa.

Abin da ya fi amfanata ba lacca ba ce, gwaji ne da baki. A zaunar da kai da wanda zai yi kamar mara lafiya, ka yi ta maimaita tambayar har ta daina yi maka nauyi. Ki fitar da kowa daga ɗaki, ki ce wannan tambayar kowa nake yi wa, kuma a nan za ta tsaya. Sannan ki yi tunani da gaɓoɓi: duk mai bakin mahaifa yana buƙatar gwaji, ko yaya ya yi shiga, ko da wane suna ake kiransa. Wadda ba ta jure ƙarfen dubawa, a yi amfani da ƙarami, ko ta ɗauki samfurin HPV da kanta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hakan. Ki koya musu cewa allurar testostiron, sinadarin namiji, tana iya ɗauke al'ada amma ba ta hana ciki, tana kuma cutar da ɗan tayi. Ki koya musu su tambayi abin da mutum ke saye a kemis, don wanda ke shan ƙwayoyin tazarar haihuwa barkatai domin ƙirji ya fito yana kasadar daskarewar jini a ƙafa ko huhu.

Ga Alhaji kuma: bayan dokar 2014, wani bincike da aka yi a Abuja kan maza masu neman maza ya nuna tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a cikinsu. Da yawa irinsu suna da mata a gida. Wanda ya guje wa gwajin ƙanjamau, matarsa ce za ta zo awo wurin Rabi ɗauke da cutar.

Baiwar Allah

Ban saba rubutu a irin nan ba. Ni ce irin wadda Dakta ta faɗa, mai XY. Ina shekara sha biyar aka yi mini aiki a matsematsi, aka ce wa Babana ƙaba ce, ni kuma ba a ce mini komai ba. Sai da na girma na karanta takardata da kaina na gane abin da aka cire. Aurena na farko ya mutu a kan haihuwa. Yanzu ina da miji da ya san komai tun kafin a ɗaura, muna riƙon 'yar ƙanwata. Ni mace ce, ban taɓa shakka ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kowa a ɗakin ya sani ban da ni. Ku gaya mana gaskiya, za mu iya ɗauka. Tambayata Dakta: an ba ni wasu ƙwayoyi bayan aikin, na sha na ɗan lokaci na bari don ba wanda ya ce mini na dindindin ne. Yanzu ina fama da zafin jiki da dare da ciwon baya. Akwai alaƙa?

Dakta Rabi, Idi-Araba

Na gode muku duka. Alhaji, na karɓi gyaranka, zan raba zaman gida biyu. Amma ba zan jefar da na biyun ba, don duka biyun ƙofa ɗaya suke shigowa kuma abu ɗaya ke korar su, tsoron tonon asiri. Allah gafarta Malam, zan neme ka. Mama Matiron, zaman farko naki ne in za ki iya zuwa, ungozomomi da likitocin yara duk za mu gayyata. Barista, zan buƙaci sassan nan a rubuce kafin in shiga ofishin shugaban sashe.

'Yar uwata Baiwar Allah, na gode da kika yi magana. Eh, akwai yiwuwar alaƙa sosai. Abin da aka cire miki shi ne yake samar wa jikinki sinadarin da ke komawa istirojin, wato sinadarin mace, wanda ke riƙe ƙarfin ƙashi. In babu shi jiki yana shiga halin matar da al'adarta ta ɗauke, zafin dare ke nan, ƙashi kuma yana raguwa a hankali ba tare da an ji ba. Shi ya sa ake ci gaba da ba da istirojin har zuwa wajen shekara hamsin. Yanzu ma an fi son a jinkirta irin aikin da aka yi miki har yarinya ta gama balaga, a yi mata bayani, ta yanke shawara da kanta, don haɗarin ƙari kafin balaga kaɗan ne.

Kada ki saya a kemis ki fara da kanki. Ki je asibitin koyarwa ko babban asibitin da ke da likitan mata ko likitan sinadaran jiki, ki tafi da takardar aikin in tana hannunki. Ki nemi a yi miki hoton auna ƙarfin ƙashi, a duba hawan jini, a tambaye ki tarihin daskarewar jini kafin a zaɓa miki irin da ya dace. Tunda ba ki da mahaifa, istirojin kaɗai ya isa, ba kya kuma buƙatar gwajin bakin mahaifa. Ciwon bayan a duba shi da kansa, kada a ɗora shi duka a kan wannan. Kina da ikon cewa ba kya son ɗalibai a ɗakin, ki faɗa tun a wurin yankar kati, ki kuma maimaita wa likitan kafin ya fara.